Halwa a Zamanin Intanet: Nazari kan Atisayen Ruhi da Tarbiyyar 'Yan Jesuit

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazari ne kan yadda halwar da Ignatiyus na Loyola ya tsara a ƙarni na 16 ta tashi daga keɓantattun gidaje ta shiga shafukan intanet da wayoyin hannu. An bibiyi asalin littafin Atisayen Ruhi, da matsayinsa a matakan tarbiyyar 'yan ƙungiyar Jesuit, sannan aka auna wasu fitattun shirye-shiryen bimbini na intanet da ƙa'idojin da littafin ya shimfiɗa wa kansa. Maƙalar ta gano cewa intanet na iya ɗaukar darussan bimbini da jadawalinsu ba tare da tawaya ba, amma akwai ginshiƙai biyu da ba sa bin waya cikin sauƙi: jagoran da ke sauraron mai halwa, da kaɗaicin da ke ba zuciya damar jin motsinta.

Fitilun kalmomi: halwa, bimbini, Jesuit, Atisayen Ruhi, intanet

1.0 Gabatarwa

Ƙungiyar Yesu, wadda aka fi sanin mambobinta da sunan 'yan Jesuit, tana daga cikin manyan ƙungiyoyin limamai na cocin Katolika. Duniya ta san su da makarantu da jami'o'i, kuma sunansu ya ƙara fitowa a shekarar 2013 lokacin da aka zaɓi ɗaya daga cikinsu, Fafaroma Francis, ya shugabanci cocin. Sai dai tushen tarbiyyarsu wani ɗan ƙaramin littafi ne na horon zuciya, wanda kowane ɗan ƙungiyar yake bin tsarinsa na tsawon kwana 30 sau biyu a rayuwarsa.

Daga ƙarshen shekarun 1990 zuwa yau, an ɗora sassan wannan horo a kan intanet, ta yadda ma'aikaci a ofis ko matafiyi a cikin jirgin ƙasa zai iya bin sa ta waya. Tambayar da wannan maƙala ta sa a gaba ita ce: mene ne ke isa ga mai halwa ta wannan hanya, kuma mene ne ke saura a baya? Tambayar ta wuce iyakar cocin Katolika, domin ta shafi duk wani ilimi da aka saba karɓa baki da baki daga malami, yanzu kuma ake neman sa daga na'ura.

1.1 Bayanin Kalmomi

An zaɓi kalmar halwa ne domin ita ce mafi kusa da abin da ake nufi, wato keɓewa daga jama'a na wasu ƙididdigaggun kwanaki domin ibada, bisa izini da kulawar jagora, kamar yadda aka san ta a tsakanin mabiya ɗariƙun sufaye. Aron kalmar ba ya nufin aƙidun biyu ɗaya ne. Halwar sufaye ta fi karkata ga zikiri da wuridi, ita kuwa ta Ignatiyus ta dogara ne ga kawo labaran Linjila cikin tunani. An yi amfani da bimbini a ma'anar da Hausawa Kiristoci suke ba ta, wato juya nassi a zuci a tsanake. An kuma ɗauki atisaye domin shi kansa littafin ya kamanta aikin zuciya da motsa jiki irin na tafiya da gudu, ga shi kuma mawallafinsa ya taɓa riƙe makami.

2.0 Ignatiyus da Asalin Littafin

An haifi Ignatiyus a shekarar 1491 a gidan sarautar Loyola da ke yankin Basque a arewacin Sifaniya. A watan Mayu na 1521, yayin da yake kare birnin Pamplona daga rundunar Faransa, harsashin igwa ya karya masa ƙafa. A tsawon jinyarsa ya nemi littattafan jarumta da soyayya bai samu ba, sai aka kawo masa tarihin rayuwar Almasihu da wani kundin tarihin waliyyai. A nan ne ya lura da wani abu da ya zama ginshiƙin koyarwarsa daga baya. Idan ya yi mafarkin ɗaukaka a fada, yakan ji daɗi a lokacin, amma da zarar tunanin ya wuce sai ya bar shi a bushe. Idan kuwa ya yi tunanin koyi da waliyyai, farin cikin yakan zauna ko bayan tunanin ya gushe. Daga nan ya fahimci cewa ana iya gane asalin tunani ta hanyar lura da abin da ya bari a zuciya.

A 1522 ya ajiye takobinsa a Montserrat, ya wuce garin Manresa inda ya shafe kusan wata 11 cikin addu'a da azumi, yana rubuta abin da ya ga zai amfani wasu. Waɗannan rubuce-rubuce su ne suka zama Atisayen Ruhi. Koyar da su tun bai yi karatun tauhidi ba ya jawo masa tuhuma da ɗauri a Alcalá da Salamanca, abin da ya sa ya tafi Paris neman ilimi a 1528. A can ya tara abokai shida, ciki har da Francis Xavier da Peter Faber, suka ɗauki wa'adi tare a Montmartre ranar 15 ga Agusta, 1534. Fafaroma Paul na III ya amince da ƙungiyar a 1540, ya kuma amince da littafin a 1548, shekarar da aka fara buga shi da Latin a birnin Rum. Ignatiyus ya rasu a 1556.

3.0 Tsarin Atisayen

Abu na farko da ya kamata mai nazari ya riƙe shi ne, ba domin mai halwa aka rubuta littafin ba. Jagora aka rubuta wa shi. Ya fi kama da littafin malami, cike da umarni da jadawali, har wanda ya karanta shi tiryan-tiryan zai iya ganin sa a bushe. Littafin ya buɗe da ƙa'idoji 20 na share fage, mafi yawansu suna magana ne kan yadda mai bayarwa zai tafiyar da mai karɓa.

An kasa halwar gida huɗu, kowane kashi ana kiran sa mako, ko da yake ƙa'ida ta 4 ta bayyana cewa ba dole ne ya zama kwana bakwai ba: jagora ne ke tsawaita shi ko ya gajarta gwargwadon halin mutum. Mako na farko ya shafi zunubi da jinƙan Allah. Na biyu ya bi rayuwar Yesu daga haihuwa zuwa shigarsa Urushalima, kuma a cikinsa ne mai halwa yake yanke shawara kan alƙiblar rayuwarsa. Na uku ya shafi shan wuya da gicciye, na huɗu kuwa tashi daga matattu.

A cikakkiyar halwa ana yin bimbini sau biyar a rana, kowanne na awa ɗaya, na farko a tsakar dare. Kowane zama yana da tsari sananne. Mai halwa zai fara da addu'ar shiri, sannan ya zana wurin da abin ya faru a zuciyarsa, kamar hanyar da ta tashi daga Nazarat zuwa Baitalami, tsawonta da faɗinta, tudu ce ko shimfiɗa. Daga nan sai ya roƙi takamaiman alherin da yake nema, ya bi darussan ɗaya bayan ɗaya, ya rufe da zance da Allah irin na aboki da abokinsa. Bayan ya kammala, zai ɗauki minti 15 yana duba yadda zaman ya kasance. Daga cikin zama biyar ɗin, sau da yawa biyu kawai ke ɗauke da sabon darasi. Sauran maimaici ne, inda ake komawa wurin da zuciya ta motsa, har a ƙarshe a yi amfani da gaɓoɓin ji guda biyar a cikin tunani.

Littafin bai bar jiki a baya ba. Ya yi magana kan tsayuwa da durƙuso da zama da kwanciya, da ƙa'idar cin abinci, har da hasken ɗaki. A makon farko ana rufe tagogi domin duhu ya taimaka wa nadama, a na huɗu kuma a buɗe su a ji daɗin haske.

3.1 Rarrabe Motsin Zuciya

Zuciyar littafin ita ce ƙa'idojin rarrabe ruhohi, 14 na makon farko da 8 na mako na biyu. Sun ta'allaƙa ne kan yanayi biyu. Na ɗaya shi ne buɗewar zuciya, lokacin da bangaskiya da bege da ƙauna ke ƙaruwa. Na biyu shi ne ƙuncinta, lokacin da duhu da kasala da yanke ƙauna ke rufe mutum. A fassarorin Hausa na Littafi Mai Tsarki ana samun kalmar ta'aziyya da ma'anar sanyaya zuciya, amma da yake a bakin yawancin Hausawa ta keɓanta ga gaisuwar mutuwa, buɗewa da ƙunci sun fi fito da ma'anar a nan. Masu nazarin sufanci za su ga kusancinsu da abin da ake kira basɗu da ƙabdu.

Mafi shahara a cikin ƙa'idojin ita ce wadda ta hana mutum sauya shawarar da ya riga ya yanke yayin da yake cikin ƙunci. Wata kuma ta yi gargaɗi cewa mugun ruhu yakan zo wa mai neman kirki da kamannin alheri, ya fara da tunani mai kyau, ya bi da shi sannu a hankali zuwa ɓata. Wannan ne ya sa ake bukatar ido na biyu, domin wanda ake ruɗa da alheri ba ya ganin ruɗin da kansa.

4.0 Matsayin Halwa a Tarbiyyar Ɗan Jesuit

Tarbiyyar ɗan Jesuit tana daga cikin mafi tsawo a cocin Katolika, domin takan wuce shekara goma kafin a naɗa shi limami, wa'adin ƙarshe kuwa sai bayan wasu shekaru. Takan fara da shekara biyu na gwaji. A cikinsu ne sabon shiga yake yin halwar kwana 30 cikin shiru, tare da wasu gwaje-gwaje da Ignatiyus ya tsara, kamar hidima a asibiti, da tafiyar ibada ba tare da guzuri ba, da ayyukan ƙasƙanci a cikin gida, da koyar da yara addini. Idan ya tsallake, sai ya ɗauki wa'adin talauci da zaman rashin aure da biyayya.

Daga nan sai karatun falsafa, sai shekara biyu ko uku na aiki, galibi koyarwa a makarantun ƙungiyar, sai karatun tauhidi da naɗi. Bayan ya yi wasu shekaru yana aiki, sai a sake janye shi zuwa gwaji na uku, wanda aka yi wa laƙabi da makarantar zuciya, inda zai maimaita halwar kwana 30. Sai bayan wannan ne yake ɗaukar wa'adin ƙarshe, da yawansu kuma su ƙara da wa'adi na huɗu, na yi wa Fafaroma biyayya game da duk inda aka aike su. A tsakanin waɗannan matakai akwai halwar kwana takwas kowace shekara, da binciken zuciya sau biyu a rana. Haka tsarin yake a ko'ina, har a Afirka, inda matashi daga Nijeriya kan fara a gidan gwaji na Benin, ya yi falsafa a Arrupe da ke Harare, ya yi tauhidi a Hekima da ke Nairobi.

Abin lura shi ne, halwar farko tana zuwa ne kafin ilimi, ta biyu kuma bayansa. An tsara hakan ne domin kada shekarun karatu su busar da zuciya. A duka biyun, mai halwa yana ganawa da jagoransa kowace rana, ya faɗa masa abin da ya motsa a ransa, shi kuma jagoran ya zaɓi darasin gobe bisa abin da ya ji. Tarihin Peter Faber ya nuna nauyin wannan hukunci: Ignatiyus ya jinkirta ba shi cikakkiyar halwa na kusan shekara huɗu, har sai da ya ga waswasin da ke damun sa ya lafa.

5.0 Shigar Halwa Intanet

Kafin a zargi halwar intanet da bidi'a, ya dace a duba ƙa'idoji uku na ƙarshe. Ƙa'ida ta 20 ta yi bayanin cikakkiyar halwa, inda mutum zai bar gidansa da abokansa da harkokinsa. Ta 19 ta yi tanadi ga wanda ayyukan jama'a suka riƙe, cewa ya ware kimanin awa ɗaya da rabi kullum, ya bi darussan a hankali yana cikin harkokinsa, abin da a yau kan ɗauki wata bakwai zuwa tara. Ta 18 kuwa ta ba da damar a ba wa mutum sassauƙan kaso gwargwadon shekarunsa da iliminsa da ƙarfinsa. Ke nan tun farko littafin ya buɗe ƙofar sassauci. Haka kuma jagoranci daga nesa ba baƙo ba ne, domin Ignatiyus ya bar wasiƙu sama da 6,000, cikinsu har da wadda ya rubuta a 1536 ga Teresa Rejadell, wata mai zaman zuhudu a Barcelona, yana warware mata yadda za ta gane motsin zuciyarta.

Ta wannan ƙofa shirye-shiryen intanet suka shiga. Jami'ar Creighton da ke Omaha a Amurka ta tsara halwa ta mako 34, wadda idan aka fara ta a tsakiyar Satumba takan yi daidai da kalandar coci, ta yadda bimbinin haihuwar Yesu zai faɗo a lokacin Kirsimeti, na gicciye kuma a kusa da Ista. Wannan shiri ya bi sawun ƙa'ida ta 19. A 1999 'yan Jesuit na ƙasar Ayilan suka buɗe Sacred Space, addu'a ta kimanin minti goma a gaban kwamfuta, mai matakai shida da suka fara da tuna kasancewar Allah, suka ratsa ta nassin ranar, suka ƙare da zance da rufewa. An fassara shi zuwa harsuna da dama. A 2006 takwarorinsu na Birtaniya suka fito da Pray As You Go, wanda sauti ne da ya haɗa kiɗa da karatun nassi da 'yan tambayoyi, domin mai tafiya aiki ya saurara a hanya. Waɗannan biyun sun fi kusa da ƙa'ida ta 18.

A 2019 shugaban ƙungiyar, Arturo Sosa, ya bayyana manufofi huɗu da za su ja ragamar aikinta na shekara goma, na farkonsu kuwa shi ne nuna wa mutane hanyar Allah ta Atisayen Ruhi da rarrabewa. Shekara guda bayan haka annobar korona ta rufe gidajen halwa, jagorori da dama suka koma ganawa da masu halwa ta Zoom da makamantansa.

6.0 Abin da Ya Isa da Abin da Ya Saura

Ribar a fili take. Wanda ba shi da kuɗin gidan halwa, da uwar da ba za ta iya barin 'ya'yanta wata guda ba, da majinyacin da ke kwance, duk sun samu abin da a da sai ƙalilan. Taƙaitaccen salon intanet ma ya dace da ƙa'ida ta 2, wadda ta umarci jagora ya gajarta bayani, ya bar mai halwa ya gano abin da kansa, bisa hujjar cewa ɗanɗanar abu a zuci ta fi ƙosar da rai fiye da tarin sani. Sauti kuma ya maido da wani abu na asali, domin tun farko da kunne ake karɓar darussan.

Giɓin farko shi ne na jagora. Shafi yana magana, amma ba ya saurare. Yana ba kowa darasi ɗaya a mako ɗaya, alhali ƙa'ida ta 4 ta ɗora tsawon mako a kan halin mutum. Ƙa'ida ta 6 ta ce idan jagora ya ga mai halwa ba ya jin wani motsi ko kaɗan, ya tambaye shi dalla-dalla yadda yake yin atisayen. Ta 7 ta ce idan ya gan shi cikin ƙunci, ya tausasa masa. Ta 14 ta ce idan ya gan shi cikin zumuɗi, ya hana shi gaggawar ɗaukar alwashi. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da rubutaccen shafi zai iya yi. Haɗarin ya fi tsanani a makon farko, inda mai yawan waswasi zai iya nutsewa cikin tunanin zunubi shi kaɗai, babu mai ce masa ya isa haka. Ƙa'ida ta 11 ma ta so kada mai makon farko ya san abin da ke cikin na biyu, amma a shafin intanet dukkan makonni a jere suke, dannawa ɗaya ta isa.

Wannan matsala ba baƙuwa ba ce ga wanda ya san karatun zaure, inda ba a ɗaukar littafi a bakin an karanta shi sai an ji shi daga malami, kuma malamin ne ke cewa a tsaya nan ko a ƙara gaba. Samun littafin a kasuwa bai taɓa zama daidai da samun karatun ba.

Giɓi na biyu shi ne na kaɗaici. Na'urar da ke kawo bimbini ita ce ke kawo saƙonni da labarai da tallace-tallace. An gina Atisayen a kan maimaici da tsayawa wuri ɗaya har zuciya ta ƙoshi, ita kuwa waya ta horar da yatsa ga neman na gaba. Minti goma a cikin mota na iya gyara yinin mutum, amma da wuya ya kai shi zurfin da ake yanke shawarar rayuwa a cikinsa.

Ganawa ta bidiyo tana cike giɓin farko zuwa wani mizani, tun da akwai mai saurare da ke iya sauya darasi. Ƙa'ida ta 15 ma ta rage wa jagora girman kai, domin ta umarce shi ya tsaya a tsakiya kamar ma'auni, ya bar Mahalicci ya yi hulɗa da bawansa kai tsaye. Idan haka ne, nisan jiki ba ya rushe aikin. Abin da bidiyo ba ya iya bayarwa shi ne shirun gida, wanda tilas mai halwa ya ƙirƙiro wa kansa.

7.0 Kammalawa

Nazarin ya nuna cewa sunan halwar intanet ya rufe abubuwa uku mabambanta: gajeren bimbini na kullum, da doguwar halwa ta cikin harkoki mai bin rubutaccen jadawali, da halwa mai jagora ta bidiyo. Kowannensu yana da madogara a cikin littafin Ignatiyus, matuƙar an kira shi da sunansa, ba a ɗora masa nauyin da ba nasa ba. Na farko abinci ne na yau da kullum, na biyu kuma yana ƙara inganci idan mai binsa ya samu wanda zai riƙa gaya wa abin da ke ransa ko da sau ɗaya a mako. Su kansu 'yan Jesuit, duk da kasancewarsu a sahun gaba wajen ɗora bimbini a intanet, har yanzu suna kai sabon shiga keɓantaccen gida ne ya yi kwana 30 cikin shiru tare da jagora. Wannan zaɓi nasu ya nuna inda suke ganin iyakar na'ura. Akwai bukatar a yi irin wannan awo ga sauran ilimomin da ake karɓa daga bakin malami, domin a tantance abin da ke cikin matani da abin da ke cikin zaman da ake yi a gabansa.